Abin da Baban Salama Ya Ci

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Salama ce ta kawo mini wannan littafin. Ta ce, "Mama, duk abin da Baba ya sa a bakinsa ki rubuta, ko ruwa ne, in na zo in duba." Ita ma'aikaciyar jinya ce, haka suke yi a asibitinsu. To ga shi na fara.

Jiya: ruwa, da shayi ɗan kurɓi. Na kai masa tuwon masara da miyar kuka, ya kalli kwanon ya juya fuska bango. Na dama kunu, bai taɓa ba.

Tun ranar Juma'a da aka dawo mana da shi haka muke. Mutane na ta shigowa barka, suna cewa mu gode wa Ubangiji, kuma na gode. Amma mutumin da ya tafi gonarmu ta Mahuta lokacin da masara ta fara goyo, ba shi ne ke kwance a ɗakin nan ba. Wandonsa ba ya zama a ƙugunsa. Su biyu aka tafi da su daga gonar, shi da Mudi amininsa, wanda gidansu ke kallon namu. Kuɗin fansar da masu garkuwar suka ce a kai, na mutum biyu aka kai. Mutum ɗaya suka sako. Daga ranar wayarsu ba ta ƙara shiga ba.

Ba wannan aka ce in rubuta ba. Abinci aka ce.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan azahar

Ya ci! Bari in rubuta yadda aka yi.

Akwai bikin ɗiyar wata 'yar zumuntarmu ta matan coci ranar Asabar, ni aka ba aikin abincin tun kafin wannan abu ya same mu, kuma ban iya cewa na fasa ba. Yau na zauna a tsakar gida ina soya kirakas ɗin jatan lande da ake sakawa a gefen shinkafa. Abin nan in yana cikin kwali kamar maɓallin riga yake, ja da kore da rawaya, da tauri kamar roba. Kina jefa shi cikin mai mai zafi sai ya buɗe ya kumbura ya taso sama, kafin ki ƙifta ido ya kai tafin hannun yaro. Ina cikin kwashewa na ji motsi a bayana. Baban Salama ne tsaye, ya dafa bango.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kirakas ne na biki. Ai ka san shi, kai ke cewa abincin yara."

Ya ɗauki fari guda, ya ɗora a harshe. Ina jin 'yar ƙarar da yake yi yana narkewa. Ya ɗauki wani. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da suya. Na tura masa kujera da ƙafa. Ya zauna ya cinye abin da ke cikin faranti tas, ya sha ruwa, ya koma ɗaki.

Na shiga madafa na yi kuka na more.

Juma'a, 12 ga Satumba, da yamma

Kirakas da ruwa. Da rana ma kirakas da ruwa.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Salama ta zo ta karanta, ta ɗago ta kalle ni irin kallon da take wa masu jinya in sun ɓoye maganin gargajiya a ƙarƙashin gado.

"Mama, kwana nawa wannan kaɗai yake ci?"

"Ai dai yana ci."

"Ba abinci ba ne, Mama. Sitacin rogo ne aka kwaɓa da gishiri da farin magi da kala. Jatan landen da kike gani a hoton kwalin, ɗan ƙamshinsa kawai aka sa. Sai kuma man da yake sha a kasko. Mutumin da ke da hawan jini tun kafin a tafi da shi, ya yi makonni babu magani, ki cika shi da gishiri?"

Na ce, "To in hana shi ya ci me?"

"Wake. Ƙwai. Kifi. Madara. Abin da zai mayar masa da naman jikinsa. Kaɗan-kaɗan, ba a lokaci guda ba."

Na ce mata ta shiga ta ba shi da kanta, tunda ita ta yi karatun. Ban kyauta ba, na sani. Ta dafa ƙwai ta ɓare ta shiga. Ina jiyo ta tana lallashi, "Baba, don Allah, ko rabi." Ta fito da ƙwan a hannu yadda ta shiga da shi. Ta zauna a bakin rijiya. Da za ta tafi ta ce, "Ki rage masa dai. Kuma maganin nan kada ya tsallake."

Ta manta jakarta sai da ta dawo daga bakin titi.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan sujada

Ban je coci ba. Fasto ya zo da dattawa, suka yi addu'a a falo. Baban Salama ya fito ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya amsa amin. Da Fasto ya ce, "Ɗan'uwa Enoch, Ubangiji ya fisshe ka daga bakin zaki," sai ya tashi ya koma ɗaki ana tsakiyar magana.

Gwaggo, mahaifiyar Mudi, ta aiko da ƙwan zabi a ƙwarya, wai a ba mara lafiya. Humaira matar Mudi ce ta kawo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki, ba ta tambayi komai bayan wannan ba. Ni ma ban iya haɗa ido da ita ba. Da, kullum sai na leƙa gidan nan, ko aron rariya ko hira. Yanzu in zan fita sai na saurara in ji ko Gwaggo na zaure.

Kirakas da ruwa.

Talata, 16 ga Satumba, da tsakar rana

Wanda ya rage daga biki ya ƙare, na shiga kasuwa wajen Alhaji Bature mai kayan girki. Ya yi mini barka, ya ce, "Wani bikin kuma, Maman Salama?" Na ce a'a, na gida ne. Wata mata na tsaye tana sayen kori, ta ce ita ta daina kai shi gidanta, don 'yarta ta ci a wajen suna, jikinta ya yi rudu-rudu da borin jini, leɓe ya kumbura, sai da aka kai ta asibiti. Likita ya ce mata akwai mutanen da jininsu ba ya karɓar jatan lande ko kaɗan. Alhaji Bature ya ce shi dai sayarwa yake yi, bai taɓa sawa a baki ba, shi da ko kifin gwangwani bai yarda da shi ba. Muka yi dariya. Rabona da dariya har na manta.

A Keke ina ta juya kwalin. Shekara da shekaru ina zuba wa mutane abin nan a faranti, ban taɓa tambayar kaina mene ne a cikinsa ba. Ado ne. Yana cika faranti, yana sa shinkafa ta yi kyau, yara su yi ta murna. Guda uku ko huɗu a ranar biki bai taɓa kashe kowa ba. Ba a yi shi don mutum ya rayu a kansa ba, shi ke nan laifinsa. Ni kuma ga shi na saye shi kwali-kwali kamar mai sayen hatsi.

Alhamis, 18 ga Satumba, da safe

Takalminsa na soso ya ƙi shiga ƙafarsa.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Mun je asibiti. Salama ta ce kada a ɗauko mashin, ta turo mai Keke har ƙofar gida. Duk da haka, duk mashin ɗin da ya wuce mu a hanya sai ya damƙe gwiwata. A shataletale wasu samari suka zo wucewa a jere, su da yawa, ya runtse ido har muka bar wajen.

Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta auna jini, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kumburin abu biyu ne suka haɗu: jikin ya rasa abin gina shi, ga gishiri yana riƙe ruwa. Ta ce jinin ya hau inda ba ta so, in aka ci gaba haka ana iya samun shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta gaji.

Ta juya wajensa ta ce, "Baba, me ya sa shi kaɗai kake ci? Haƙori ne ke ciwo? Ko haɗiya?"

Ya ce, "Lafiya lau."

"In ka ci tuwo amai kake ji?"

Ya kalli taga. Ta jira, ta jira, sannan ta rubuta magani. Da muka fito ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Mama, cikinsa lafiya yake. Abin ba a ciki yake ba. Kada ku matsa masa da tambaya, amma kada ku bar shi shi kaɗai."

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Na yi wata dabara. Tunda mai na cikin abin da ake tsoro, na ce bari in gwada yadda muke suyar gyaɗa. Na wanke yashi, na shanya, na zuba a kasko ya yi zafi sosai, na binne kirakas ɗin a ciki ina juyawa. Na farko sun ƙone. Na biyu suka tashi, ba su kai na mai girma ba, sun ɗan murɗe, amma sun tashi. Na kakkaɓe na kai masa. Ya ci.

Na kira Salama ina murna. Ta ce, "Mama, kin yi ƙoƙari wallahi. Kin cire mai. Gishirin fa yana cikin ƙullin, yashi ba zai cire shi ba. Kuma har yanzu rogo ne."

Har yanzu rogo ne. Na wuni da maganar nan a kaina.

Litinin, 22 ga Satumba, da yamma

Kirakas na yashi, da ruwa. Maganin safe ya sha. Hadari ya haɗu bai zubar ba.

An yi sallama a gidan su Mudi da rana, na ji Humaira ta fito da gudu. Mai gyaran murhu ne.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan azahar

In kamfani ya iya, me zai hana ni? Na sayo sitacin rogo. Na daka busasshen kifi na tankaɗe, na soya waken soya na niƙa, na haɗa, gishiri ɗan taɓawa kawai. Na kwaɓa na mulmula kamar taɓarya ƙarama, na turara, na bar shi ya kwana ya yi tauri. Yau na yayyanka siriri-siriri na shanya a kan kwanon ɗaki. Kaji sun dame ni. Rana ma ba ta tsaya ba, ina shanyawa ina kwashewa.

Ban gaya wa kowa ba, har Salama.

Asabar, 27 ga Satumba, da hantsi

Sun bushe. Launinsu kamar ƙasa, ba su da kyan gani, kuma ba su kumbura sosai ba. Na cakuɗa su da fararen na kanti na kai masa a gindin mangwaro, inda yake zama yanzu in rana ta ɗaga.

Ya ci na kanti guda biyu. Ya ɗauki nawa, ya gutsura, ya tauna sau ɗaya. Sai ya tsaya. Ya tofar a tafin hannunsa.

"Liatu, kin sa abinci a ciki."

Na ce, "Kifi ne kaɗan da waken soya. Don ƙafarka."

Ya ture farantin, ba da ƙarfi ba. Raina ya ɓaci, na manta da abin da likita ta ce. Na ce, "Baban Salama, so kake ka mutu a hannuna? An dawo mini da kai don in binne ka? In laifi na yi maka ka faɗa mini."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya yi magana, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar wani.

Ya ce a can, sau ɗaya ake ba su abinci, tuwo a murfin tukunya, shi da Mudi su raba. Wani lokaci da ruwan kuka, wani lokaci gaya. Ya ce da farko suna rabawa daidai. Da Mudi ya ga jiri na ɗibarsa, sai ya fara cewa shi azumin nafila yake yi, Litinin da Alhamis, ya tura masa duka, wai shi zai ci da magariba. Da magariba kuwa babu abin da ake kawowa. Daga baya azumin ya zama na kusan kullum.

"Na san ƙarya yake yi. Na sani, Liatu. Na ci."

Na ce, "Yunwa ce. Kowa ma zai ci."

"Ranar da suka ce in tashi in tafi, shi ko miƙewa ba ya iya yi sosai. Ya ce in gaida Gwaggo. Ban gaishe ta ba har yau. Da wane bakin?" Ya nuna farantin. "In na sa tuwo a baki, rabonsa nake ci. Wannan kuwa iska ce. Kina sawa a harshe ya ɓace. Ba ya zama a ciki. Shi ya sa nake iyawa."

Ni da Salama mun yi ta faɗa a kan abin nan ba abinci ba ne. Ashe shi ya riga mu sani.

Lahadi, 28 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Salama. Ta rufe fuska da gyale. Yau ba ta duba littafin ba.

Talata, 30 ga Satumba, da safe

Tun ranar Asabar ko na kantin ya rage ci. Ina ganin kamar maganar da ya yi ta ƙara masa nauyi maimakon ta sauke.

Na yi ta tunanin abin da ake nufi da ciyar da mutum. Ni sana'ata ke nan, na ciyar da ɗaruruwa a wuni guda, na san mudu nawa ke isar taro. Amma mutum ɗaya ya gagare ni, a gidana, da tukunyata. Na iya cire mai, na iya rage gishiri, na iya ɓoye kifi a cikin rogo. Wanda zai ce masa "ci, na yafe" ba ni ba ce.

Na san wadda za ta iya. Amma yaya zan tsallaka titi in gaya wa uwa cewa ɗanta ba ya iya miƙewa?

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya faɗi a tsakar gida da hantsi, yana dawowa daga banɗaki. Bai suma ba, amma ya ce gari na juya masa, kuma harshensa ya yi nauyi na ɗan lokaci. Salama ta zo da abin awo. Da ta gani sai ta fita waje ta kira likitar. An ƙara magani. Ta ce in ya sake faruwa, gado za a ba shi, ko yana so ko ba ya so.

Da ta tafi na yafa gyale na tsallaka gidan su Mudi.

Gwaggo na zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta tsufa a makonnin nan, wuyanta duk ya zube. Ta ce, "Liatu, yau kin tuna hanya?" Na durƙusa na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Ta aiki Humaira ta ɗebo ruwa a maƙwabta, alhali randa cike take. Sannan ta ce, "Faɗi. Ko mene ne, faɗi. Rashin sani ya fi cina."

Na faɗa mata duka. Ban rage ba, har da maganar miƙewar.

Ta ajiye faifan. Na fara nadama. Can sai na ji ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta.

"Azumin nafila. Mudi. Yaron da ko na Ramadan sai ya tsaya a kan tukunya tun la'asar yana tambaya ko an kusa." Ta share fuska da gefen zane. "Ashe na haifi mutum."

Ta tambaye ni me Enoch ke ci. Na gaya mata. Ta ce in kawo ta gani. Na koma na ɗauko guda. Ta jujjuya shi, ta sa a baki, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai kumfa ce da gishiri. A kan wannan yake zaune?"

Na ce e.

Ta ce, "Je ki. Ki bar ni da shi."

Juma'a, 3 ga Oktoba, da yamma

Ba ta zo ba. Kirakas kaɗan, da ruwa.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Jiya mutanen Mahuta suka yi gayya, Musulmi da Kirista, da 'yan sintiri a bakin gona, suka karye masarar Mudi da tamu. Da safen nan mota ta juye ta Mudi a ƙofar gidansu, tuli guda har ta tare hanya.

Da hantsi Gwaggo ta yi sallama, da sandarta, Humaira na biye da ita da kwano a rufe. Baban Salama na gindin mangwaro. Da ya gan ta ya yunƙura zai shige ɗaki.

"Zauna, Enoch. Ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi haihuwar ƙanwarka, ba za ka guje ni ba."

Ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya ce, "Gwaggo, ya ce in gaishe ki."

"Na amsa. Ka daɗe da saƙon, amma na amsa." Ta zauna a kujerar da ya bari. "Ga masarar ɗan'uwanka can a waje. Ba shi da wa, ba shi da ƙane, ni ido ya tafi, yarinyar nan kuma ba ta san awo ba. Kai za ka tsaya a ɓare ta, a shanya, a auna, a ɗinke. Ko kana da wanda zan je in roƙa?"

Ya ce, "Zan tsaya."

"Da wace ƙafar? Wannan mai kama da tulu?" Ta karɓi kwanon ta buɗe. Faten wake ne da alayyafo, ya dahu ya yi luguf. "Ba a yi mini aiki da yunwa. Ban sa gishiri ba, an ce likita ta hana."

Ya kalli kwanon, ya girgiza kai. "Gwaggo, ba ki san abin da..."

"Na sani. Liatu ta faɗa mini, kuma ta kyauta." Muryarta ta tashi. "Ɗana ya hana cikinsa ya ba ka don ka iso gida da rai. Ya ba ka, ba aro ba ne. Kai kuma ka zo ka zauna kana zubar da abin da ya ba ka a ƙasa, kana cin kumfa. In ya dawo ya tarar da kabarinka, me zan ce masa? In ce yunwar da ya sha ta tafi a banza?"

Humaira na kuka ba sauti.

Gwaggo ta sa cokali ta ɗebo, ta ci da kanta, ta haɗiye. Ta ce, "Ni uwarsa ga shi na ci. Kullum ina ci, don in ya dawo ya same ni. Karɓi."

Ya karɓa. Cokalin farko ya daɗe a bakinsa, na ga maƙogwaronsa na kai da komo, na ce yanzu zai dawo da shi. Ya haɗiye. Gwaggo ba ta yaba masa ba, ta juya tana tambayata ko ina da buhunan da ba na amfani da su. Muna maganar buhu, ina jin ƙarar cokali a kwano. Ban waiwaya ba.

Bai kai rabi ba. Salama ta ce hakan ma ya fi, cikin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi gaba ɗaya.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Kunun gyaɗa. Ƙwai guda, ya bar gwaiduwar. Jiya ya yi amai bayan faten rana, ya wanke baki ya koma wajen masara.

Ya nemi kirakas da yamma. Na kira Salama, ta ce, "Ba shi biyu ko uku, na yashin, bayan ya ci abinci. Ba guba ba ne, Mama, matsayinsa kawai za a mayar da shi." Na ba shi uku a gefen faranti, yadda nake sa wa 'yan biki.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Ƙafar ta fara saɓewa. Jinin bai sauka yadda likita ke so ba, ta ce a ci gaba da magani, wataƙila har iyakar rai. Har yanzu mashin in ya wuce sai ya daina magana. Wayar mutanen har yau ba ta shiga. Humaira na gwadawa safe da yamma.

An gama ɓarar masarar Mudi, ta bushe, yau aka auna. Baban Salama na zaune a kan benci a ƙofar gidansu da basilla, yana ɗinke bakin buhu, ni da Humaira muna share ɓuntu. Sai ga wani dillali daga kasuwar hatsi, Shitu, ya tsaya ya damƙi masarar ya watsa a baki. Ya yaba. Ya ce wa Humaira gara a sayar yanzu a huta, tunda ba a san yadda Allah zai yi da mai ita ba, kada ƙwari su cinye a banza.

Humaira ta sunkuyar da kai. Ban san lokacin da Baban Salama ya miƙe ba, ba tare da ya dafa komai ba.

"Malam Shitu, mai masarar nan ya yi tafiya ne. In ya dawo ka zo ku yi ciniki da shi. Ajiye wadda ke hannunka."

Har masu shago suka leƙo, don rabon unguwar nan da jin wannan muryar tun damina na tsakiya. Shitu ya zuba masarar a buhu, ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya ja mashin ɗinsa. Gwaggo daga zaure ta ce amin.

Ya ɗinke sauran, aka shigar da su ɗakin Mudi, ya sa aka ɗora su a kan katako saboda sanyin ƙasa. Ya ja ƙofar da kansa ya miƙa wa Humaira makulli.

Da muka tsallako gida, yana wanke hannu a bakin rijiya, bai kalle ni ba ya ce, "Liatu, akwai saura a tukunya?"